Lamba Marar Asali: Sharhi kan Alƙaluma a Labaran Diffa da Kwarin Komadugu

Gabatarwa

Kafin shekarar 2015, wanda ya ji an ambaci Diffa a Yamai ko a Kano, abin da kan faɗo masa a rai shi ne jan tattasai da bandar kifin Tafkin Cadi, sai kuma nisan hanya, domin fiye da kilomita 1,300 ne tsakanin garin da babban birnin ƙasa. Daga ranar 6 ga Fabrairu 2015, da mayaƙan Boko Haram suka kai hari a Bosso da Diffa, sai sunan jiharmu ya koma tafiya tare da lambobi: mutum kaza sun rasu, dubu kaza sun bar gidajensu, kashi kaza cikin ɗari na yara ba su samun isasshen abinci. Ta hanyar alƙaluma duniya ta san mu, kuma mu kanmu da muke zaune a bakin Komadugu, sau da yawa daga rediyo muke jin yawanmu da girman masifarmu.

Wannan sharhi zai duba yadda kafofin watsa labarai, na gida da na waje, suke sarrafa waɗannan alƙaluma. Abin da nake son tabbatarwa guda ne. Mafi yawan lambobin da ake faɗa a kanmu ba ƙaga su aka yi ba, akwai wanda ya ƙirga ko ya ƙiyasta. Ɓarnar a hanya take faruwa. Lamba takan baro ofishin da ya haife ta da cikakken asali, wato wanda ya ƙirga, da ranar da ya ƙirga, da abin da ya ƙirga, da jimillar da aka ɗebo ta daga ciki, amma kafin ta iso kunnen mai sauraro an tuɓe mata duk waɗannan. Lamba marar asali kuwa kowa yana iya ɗaura mata aure da ra'ayinsa. A jiha irin tamu, inda rabon hatsi da gina aji da haƙa rijiya suka dogara ga abin da aka rubuta a takarda, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Tafkin da aka ce ya ƙafe

Babu lambar da ta yi yawo a duniya game da yankinmu kamar wadda ke cewa Tafkin Cadi ya ragu da kashi 90 cikin 100. Shugabannin ƙasashe sun faɗe ta a manyan tarurruka, jaridun Faransa da Amurka sun buga ta tare da hotunan tauraron ɗan'adam. Asalinta sananne ne. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan da ake hangowa a fili ya koma ƙasa da 2,000. A 2001 wasu masana biyu na Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Michael Coe da Jonathan Foley, suka wallafa bincike a kan wannan raguwa, hukumar NASA ta yaɗa hotunan, daga nan lambar ta kama hanya.

Lissafin kansa ba shi da aibu. Abin tambaya shi ne: daga wace shekara zuwa wace shekara? Shekarar 1963 ta faɗo ne a ƙarshen wani zamani na damuna mai albarka, lokacin da tafkin ya yi cikar da ba kasafai yake yi ba. An ɗauki shekarar cika an gwada ta da shekarar fari. Wanda ya auna Komadugu a Bagara cikin watan Nuwamba, ya dawo a watan Mayu ya tarar da yara na wasa a kan yashi, zai iya rantsewa kogin ya ragu da kashi 100 cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai duk manomin tattasai zai yi masa dariya. Tafkin Cadi ba shi da zurfi, saboda haka ƙaramin sauyi a ruwan da kogin Shari ke kawowa yakan matsar da gaɓarsa da kilomitoci masu yawa. Jean Tilho, Bafaranshen da ya jagoranci ayarin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya tarar da arewacin tafkin a bushe, kuma shi ne daga baya ya kasa yanayinsa gida uku: ƙarami da matsakaici da babba. Tun 1973 tafkin yana cikin ƙaramin yanayinsa, ya rabu kwari biyu, na kudu da na arewa. Na arewan shi ne namu, wata shekara ya cika, wata shekara ya bushe.

Tambaya ta biyu ita ce: me aka auna? Hoton sama yana nuna ruwan da ke fili, amma ruwan da ke ƙarƙashin kacalla da ciyayi sai ya fito kamar ƙasa. Binciken da cibiyar IRD ta gudanar wa hukumar kula da Tafkin Cadi, CBLT, wanda ya fito a 2014 ƙarƙashin jagorancin Jacques Lemoalle da Géraud Magrin, ya nuna cewa idan aka haɗa da waɗannan fadamu, faɗin tafkin yakan haura murabba'in kilomita 10,000 a shekarun ruwa. Wani binciken da Binh Pham-Duc da abokan aikinsa suka wallafa a 2020 ya ƙara nuna cewa tafkin ba ya cikin ci gaba da ƙafewa. Mutanen Diffa da Komadugu ta cinye wa gidaje da gonaki a 2019 da 2022 ba su buƙatar a karanta musu wannan.

Me ya sa za mu damu? Domin a kan wannan kashi 90 ake jingina manyan shawarwari. Da ita ake kare shirin Transaqua na janyo ruwa daga yankin kogin Kwango ta magudana mai tsawon kilomita 2,400, wanda taron Abuja na Fabrairu 2018 ya goyi baya, kuma wanda zai ci gomman biliyoyin dalar Amurka. Da ita ake bayyana asalin Boko Haram, a ce ruwa ya ƙafe, talauci ya shigo, matasa suka ɗauki makami, alhali a birnin Maiduguri ƙungiyar ta taso, kuma a can rikicin Yuli 2009 ya fi ƙamari. Labarin tafki mai mutuwa yana rufe wata gaskiya: janyewar ruwa takan bar ƙasa mai laima inda ake shuka masara da wake, dabbobi su yi kiwo, har mutane suka yi ta ƙaura zuwa can daga nesa. Abin da ya raba masunta da manoma da tafkin daga 2015 shi ne rashin tsaro, da kwashe mutanen tsibirai a watan Mayu na wannan shekara, da hana cinikin kifi wanda bai kau ba sai a 2019. Wanda ya ɗauka ciwon ƙishirwa ne, ruwa zai kawo, alhali marar lafiya wani magani yake jira.

Wa ake ƙirgawa, kuma cikin nawa?

Lamba ta biyu da ta manne wa sunan Diffa ita ce ta waɗanda rikici ya raba da muhallansu. Tsakanin 2016 da 2021 adadin da aka fi ji yana kewayen 250,000, kuma galibi daga ofishin jiha mai kula da rajistar jama'a da ƴan gudun hijira, DREC, yake fitowa, sannan hukumomin HCR da OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya su yaɗa shi. A takardun waɗannan hukumomi adadin a karkase yake. Akwai réfugiés, wato ƴan Najeriya da suka tsallako iyaka. Akwai retournés, ƴan Nijar da suka daɗe da zama a Najeriya rikici ya koro su gida. Akwai kuma déplacés internes, mutanen Bosso da Geskeru da tsibirai waɗanda ba su ƙetare wata iyaka ba. Kowane rukuni da dokar da ta shafe shi da hukumar da ke da alhakinsa. Amma a labaran Hausa sau da yawa duk sai a zuba su a buhu ɗaya a ce ƴan gudun hijira, mai sauraro a Tawa ko Dosso ya ɗauka baƙi 250,000 ne suka kwararo mana daga Najeriya, alhali fiye da rabinsu ƴan ƙasa ne.

Shi kansa rarrabewar ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ya kamata ɗan jarida ya faɗi haka. Komadugu iyaka ce a taswira, amma dangi ɗaya ne a gaɓoɓinta biyu. Mutum yana iya kasancewa an haife shi a Malam Fatori, ya yi aure a Bosso, yana noma a ɓangarorin biyu, kuma ba shi da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa na kowace ƙasa. Mafi yawan mutanen ba a sansanin Sayam Forage suka zauna ba, sun bazu ne a gefen babbar hanya ta ɗaya da cikin gidajen dangi, suna tashi daga wannan zango zuwa wancan gwargwadon tsaro da ruwa. A irin wannan hali ana iya rubuta iyali ɗaya sau biyu, ana iya tsallake wani gaba ɗaya. Wannan ne ya sa daga baya aka koma rajista da zanen yatsa. Saboda haka idan labari ya kawo lamba mai ƙarewa da ɗaiɗaiku, kamar an jera mutanen an ƙirga su da safiyar nan, ya ba ta tabbacin da ko masu ita ba su ba ta ba.

Sai kuma batun jimilla. An sha cewa kusan rabin mutanen Diffa sun rasa muhalli, an kuma sha cewa kashi ɗaya cikin uku ne. Duka biyun daga lamba ɗaya suke fitowa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum 593,821 a jihar, bayan 346,595 na ƙidayar 2001. Idan aka raba 250,000 da adadin 2012, sai a sami fiye da kashi 40 cikin 100. Amma jama'a ba ta tsaya cik tun 2012 ba, kuma ƴan Najeriya sama da 100,000 da suka shigo ba su cikin waccan ƙidaya. Idan aka ɗauki hasashen kusan 700,000 na ƴan shekarun baya gare ta, aka ƙara baƙin, jimillar takan kai wajen 800,000, kason kuma ya sauko ƙasa da ɗaya cikin uku. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin masu lissafin biyu. Wanda ya yi sakaci shi ne wanda ya faɗi kason bai faɗi cikin nawa ba. Shekaru goma cur suka shuɗe bayan 2012 ba a sake ƙidaya ba, don haka duk kason da aka faɗa a kan jihar cikin wannan tsakani a kan hasashe ya zauna, kuma mai sauraro yana da haƙƙin a sanar da shi.

Adadin waɗanda suka rasu

A nan ne lamba ta fi nauyi, domin kowane ɗaya a cikinta gidan makoki ne. Bayan harin Bosso na 3 ga Yuni 2016, sanarwar farko ta hukuma ta ce soja 32 suka kwanta dama, 30 na Nijar da 2 na Najeriya. Bayan ƴan kwanaki aka gyara adadin zuwa 26. Gyaran abin yabo ne, haka ake so hukuma ta yi idan ƙura ta lafa. Sai dai labarin farko ya riga ya zagaya duniya da manyan kanu, gyaran kuwa a ƙasan shafi ya fake, har yau wanda ya bincika intanet zai tarar da lambobin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A makon nan ne HCR ta ce kimanin mutum 50,000 sun tsere daga yankin. Ƙiyasi ne da aka yi mutane na kan hanya, kuma hukumar ta faɗi haka, amma kalmar kimanin ita ce kaya na farko da kan faɗo daga bayan mota.

A Ngalewa, cikin komin ɗin Kablewa, a daren 2 ga Yuli 2017 aka kashe mutum 9 aka kuma sace mata da yara. Da farko 37 aka ce, daga baya aka tsaya a kan 39. Ga mai tsara labarai a Paris ko Landan bambancin biyu ne kawai. Ga mutanen ƙauyen kuwa, waɗanda suka san kowa da sunansa da sunan uwarsa, mutum biyu ne da aka kusa mantawa da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kasafai ake tambayar mai gari ko liman jerin sunaye ba, alhali su ne majiyar da ta fi kusa da gaskiya.

Akwai kuma kalmomin da ke raka lambar. Sanarwar soja a ƙasashen Sahel takan ce an yi neutraliser da mayaƙa kaza, kalmar da ke iya nufin kisa ko raunatawa ko kamawa. A Hausa sai ta zama an hallaka. Victimes na Faransanci ya haɗa matattu da masu rauni, amma yakan iso gare mu a matsayin gawawwaki. Une centaine, wato wajen ɗari, yakan zama ɗari cif. Bilan provisoire, adadin wucin gadi, yakan rasa wucin gadinsa. Kuma kada a ɗauka gardamar adadi wasa ce. A Disamba 2024, bayan wasu kafofin waje sun ba da rahoton mutuwar mutum fiye da 100, soja da farar hula, a Shatuman da ke jihar Tillaberi, hukumomi suka ƙaryata, suka kuma dakatar da BBC na wata uku. Ba aikin wannan sharhi ba ne ya yanke hukunci tsakaninsu. Darasin shi ne, idan hukuma ta riƙe lambarta, ɗan jarida ya riƙe majiyar da ba zai iya bayyanawa ba, kuma babu wani na uku da zai je ya gani da ido, talaka ne ke zama tsakanin ƙila wa ƙala biyu.

Tsohon ciwo: shekarar 2005

Wannan matsala ta girmi rikicin Boko Haram. Malamai da yawa za su tuna 2005, lokacin da ɗan wannan jiha, Tandja Mamadu na Maine Sorowa, yake shugabancin ƙasa. Bayan fari da ɓarnar fara na 2004, hukumomi suka ƙiyasta mutum miliyan 3.6 na fuskantar ƙarancin abinci. A kanun wasu jaridun Turai sai lambar ta zama miliyoyin da yunwa ke shirin kashewa. A watan Agusta shugaban ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar. Aka yi ta jayayya a kan kalma, ɓangare ɗaya ya kumbura lambar, ɗayan ya ƙi dubanta. A wannan shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa. Alƙaluman giɓin hatsi suna nuni ga yankunan da amfanin gona bai yi ba, yara kuwa suna mutuwa a inda kasuwa ke cike da geron da ya fi ƙarfin aljihun iyayensu. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007 ya yi bayanin wannan dalla-dalla. An auna buhuna daidai, amma ba buhuna ne tambayar ba.

Inda harshe ke tuntuɓe

A matsayina na mai koyar da Faransanci da Hausa, nan ne na fi ganin laifinmu na gida. Lambar da aka rubuta da Faransanci a Yamai ko da Ingilishi a Maiduguri sai ta bi ta Hausa, sau da yawa kuma daga Hausa ta shiga Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci, kuma a kowace mashiga tana barin wani abu.

Na farko, rubutu. Bafaranshe yana sa waƙafi inda Bature ɗan Ingila ke sa ɗigo. Wanda ya ga 1.500 a takarda, idan ta Yamai ce dubu ɗaya da ɗari biyar ke nan, idan ta Abuja ce ɗaya da rabi. Diffa kuwa takardun ɓangarorin biyu take karantawa. Haka nan milliard na Faransanci, wanda muke kira miliyar, shi ne biliyan na ƴan Najeriya, amma billion na Faransanci ya ninka shi sau dubu.

Na biyu, kuɗi. A kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya tamma biyar, jika ɗaya dala 200. Idan mai karanta labarai ya ce ɗari biyar yana nufin sefa 500, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli 2,500 ta ji. Bugu da ƙari, naira tana yawo a kasuwannin kwarin Komadugu kamar kuɗin gida, kuma da ita aka saba yanka farashin tattasai. Darajarta ta faɗi ƙwarai a Yuni 2016 da kuma daga Yuni 2023, alhali sefa na ɗaure da kuɗin Turai. A ƙaddara buhu ya tashi daga naira 20,000 zuwa 30,000, sai labari ya ce manoma sun sami ƙarin kashi 50 cikin 100. Idan a tsakanin naira ta rasa rabin darajarta a gaban sefa, manomin da zai biya kuɗin makaranta da magani da sefa ya yi asarar rubu'i ne. Farashin da ba a faɗi kuɗinsa da ranarsa da girman buhunsa ba, babu dillalin da zai saurare shi a kasuwar Diffa. Abin mamaki ne a ce mun yarda da shi a rediyo.

Na uku, kaso. Idan masu cin jarrabawa suka tashi daga 20 cikin 100 zuwa 30 cikin 100, Faransanci yana da hanyar cewa an ƙaru da points 10, wanda ya bambanta da ƙaruwa da kashi 10. A haƙiƙa ƙaruwar rabi ce. Hausar rediyo ba ta tsayar da kalma ɗaya ga wannan bambanci ba. Na huɗu, tsufa. Binciken 2012 ya ba da matsakaicin haihuwa 7.6 ga kowace mace a Nijar, na 2021 ya ba da 6.2, amma tsohuwar lambar ta ci gaba da fitowa ba tare da shekararta ba, domin ta fi daɗin kanu. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan giɓi ya tashi daga matsalar masu fassara ya zama matsalar ƙasa.

Adalci ga ɗan jarida

Ba zai kyautu a ɗora wa wakilin da ke Diffa dukkan nauyin ba. Tun daga Fabrairu 2015 aka sa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawan babur, wurare da dama suka zama ba a shiga sai da rakiya. Wanda ba shi da kuɗin mai, kuma aka ba shi minti ɗaya da rabi, sanarwar da aka miƙa masa ita zai karanta. Su ma ƙungiyoyin agaji sun san cewa masu ba da kuɗi ba su motsi sai sun ji babbar lamba, hukuma kuma takan so ƙarama. Wani zai ce, in dai kumbura lamba zai kawo buhun shinkafa, ina laifi? Amsa ita ce ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da aka gano an ƙara gishiri, har gaskiyar da ke ciki sai a daina saye, kuma wanda aka tsallake a rajista shi zai kwana da yunwa. Haka nan ba guje wa alƙaluma ne mafita ba. In ba don an ƙirga ba, da babu wanda zai san girman abin da ya faru a Bosso. Abin da ake nema bai wuce ƴan kalmomi ba: in ji wane, a rana kaza, kimanin, cikin mutum kaza. Ba su cin daƙiƙa goma.

Kammalawa

Gyaran yana da rabon kowa. Mu malamai muna iya kai labarin jiya cikin aji, na Faransanci ko na Hausa ko na lissafi, mu sa ɗalibai su yi wa kowace lamba tambayoyi huɗu: wa ya ƙirga, yaushe, me ya ƙirga, cikin nawa. Misali na kusa shi ne sakamakon jarrabawa: makarantar da ta kai ɗalibai 4 duk suka ci, da wadda ta kai 200 aka sami 120, wacce ta fi aiki? Yaron da ya iya warware wannan ba za a ruɗe shi da kashi 90 na tafki ba.

Ƙungiyoyin raya al'adu da harsuna kuma suna iya zama da ma'aikatan gidajen rediyon jiha, da masu fassara irin na Studio Kalangou da ke watsa labarai cikin harsunan gida tun 2016, da jami'an Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, a tsayar da ƙaramin kundin kalmomi: a raba ƙidaya da ƙiyasi da hasashe, a ba kowane rukuni na masu ƙaura sunansa, a amince da yadda za a faɗi tamma da dala, a yi makamancinsa da Barbarci. Gidajen rediyo su ɗauki al'adar karanta gyara a lokacin da suka karanta kuskure, da murya iri ɗaya. Ƙungiyoyin ƙauyuka su adana sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda suka ɓata, domin wata rana masu rubuta tarihin wannan kwari za su nemi abin da ya fi adadi. Mutanen da suka iya auna tattasai da tiya, suka iya juya naira zuwa sefa da ka kafin mai na'ura ya gama latsawa, ba su gaza fahimtar ƙididdiga ba. Cikakkiyar lamba ce ba a saba ba su ba, kuma matambayi ba ya ɓata.